Asabar guda gare mu a Japan: fadar Osaka ko ta Himeji?

Na Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Japan a cikinku. Wurin aikinmu ya tura mu kwas kan noman rani a birnin Kobe cikin watan Nuwamba, ni da maigidana na ofis. Biza ta fito, fasfo ya dawo daga Abuja, tikiti kawai muke jira. Da na duba jadawalin da suka aiko, kullum in ba aji ba to zuwa gona, Asabar guda tak suka bar mana mu sha iska.

Ni kuwa tun ina sakandare babu abin da ke ɗauke mini hankali irin tarihin sarauta da yaƙi, don haka so nake in yi wannan Asabar a ɗaya daga cikin tsofaffin fadojin nan nasu na zamanin samurai, mayaƙansu na da. Na ga guda biyu ne kusa da Kobe, ta Osaka ta gabas, ta Himeji ta yamma. A hoto ni dai duk ɗaya nake ganinsu: bene kan bene, rufi mai lanƙwasa, an ɗora a kan tulin duwatsu. Wani da ya je bara ya ce mini Osaka ce, wai can kowa ke ɗaukar hoto, ga kuma kasuwa kusa in mutum na son tsaraba.

Abin da ya hana ni yanke shawara shi ne Alhaji, maigidan nawa. Ya ba sittin baya, gwiwa kuma tana taɓa shi, wani lokaci ma a zaune yake sallah. Ba zai yiwu in bar shi a masauki shi kaɗai ba, kuma ba na so in ja dattijo inda zai wahala, mu dawo gida a ce yaron nan ba shi da tunani. Ga maganar sallah da abin da za a sa a baki a irin waɗannan wurare. Akwai kuma wanda ya ce mini wai a ciki akwai wurin bautarsu, shi ma ina so in san gaskiyarsa kafin Alhaji ya gani da idonsa ya juyo ya kalle ni.

Wanda ya san wani abu ya taimaka. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Himeji za ka je. A yankin na yi karatu, na shiga duka biyun. Wanda ya ce maka Osaka bai yi ƙarya ba kan hoto da kasuwa, amma kai tarihi ka ce kana so.

Benen Osaka da kake gani a hoto kankare ne da ƙarfe, a 1931 aka yi shi da kuɗin da mutanen gari suka tara. Na asali, wanda Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya mulki Japan kafin gidan Tokugawa, ya fara a 1583, ya ƙone a yaƙin 1615. Gidan Tokugawa suka binne abin da ya rage suka ɗora nasu a kai, shi ma tsawa ta faɗa masa a 1665 ya ci wuta. In ka shiga yau gidan adana kayan tarihi ne na zamani, da lif da akwatunan gilashi. Himeji kuwa ginin da za ka shiga shi ne wanda Ikeda Terumasa ya yi tsakanin 1601 da 1609. Surukin Tokugawa Ieyasu ne (shi Ieyasu shi ya kafa mulkin gidan Tokugawa), aka ba shi ƙasar ladan yaƙin Sekigahara na 1600, aka kuma aje shi nan don ya tsare hanyar yamma, inda hakiman da ba a gama yarda da su ba suke.

Zuwa ba wuya. Daga tashar Sannomiya a Kobe ka hau jirgin ƙasa na JR wanda suke kira Shinkaisoku, kusan minti 40 kana Himeji. Kada kowa ya ruɗe ka da Shinkansen, jirginsu mai tsananin gudu, a wannan 'yar tafiya ɓarnar kuɗi ce. Da ka fito ta ƙofar arewa za ka hango ta can ƙarshen titi, fara fat a kan tudu. Ido zai ce maka ga ta nan kusa, amma tafiyar minti 15 zuwa 20 ce, saboda haka ku hau bas ko tasi don Alhaji. Ƙarfe 9 na safe ake buɗewa. Ku kasance a bakin ƙofa a lokacin, domin ranar Asabar da hantsi ya ɗaga layi ake yi a kan matakala.

Yawancin baƙi sauri suke su kai sama su ɗauki hoto su sauko, alhali abin kallon yana tsakanin ƙofar shiga da gindin benen. Daga ƙofar da ake kira Hishi zuwa babban benen mita 130 ne in an ja layi. Hanyar da aka yi maka kuwa mita 325 ce. Kana tafe benen na gabanka, sai hanya ta karya ta ba shi baya. Ta ƙuntace, ta sake karyawa. Akwai inda maimakon hawa sai ka ji kana gangarawa, da gangan aka yi haka, don maharin da ya san tudu yake nema ya ɗauka ya ɓata ya juya. Wata ƙofar, ita ake kira Ni, rufinta ƙasa-ƙasa ne, ni da nake da ɗan tsayi sai da na duƙa, kuma a bisa kanta ɗaki ne inda masu gadi za su riƙa sukar duk wanda ya shigo. Ƙofofi 84 fadar take da su a da, 21 suka rage.

Ka lura da kafofin da ke jikin katanga. Akwai masu kewaye, akwai masu kusurwa uku, akwai masu huɗu, waɗannan na bindiga ne. Dogayen na kibiya ne. Kusan 1,000 suna nan har yau. Ta ciki suna da faɗi, ta waje sun tsuke. Ka tsuguna ka ɗora idonka a guda, ka ga inda ta dosa. Wadda na leƙa daidai kwanar da mutane ke cin birki su ɗaga waya take kallo, suna tsaye jere cikin nishaɗi a wurin da aka auna don a harbe su. Tun daga nan na daina yi wa wurin kallon ado.

Duwatsun gindi babu siminti a tsakaninsu, jerawa aka yi, katangar ta taso a kishingiɗe sannan ta miƙe tsaye can sama yadda mai hawa zai maƙale. Dutse ya yi ƙaranci lokacin gini, har akwatunan gawa na dutse daga tsofaffin kaburbura da fitilun dutse aka cusa a ciki, kana iya gane su. Akwai ma rabin dutsen niƙa da aka kewaye da raga a jikin wata katanga. Labarin da suke bayarwa shi ne wata tsohuwa mai sayar da waina ce ta ba Hideyoshi shi, lokacin da ya yi nasa ginin a nan kafin Ikeda, da ta ji ana neman dutse, mutane suka ji kunya suka yi ta kawowa. Hikaya ce, amma dutsen yana nan.

A bakin benen za a ba ka leda ka sa takalminka ka riƙe a hannu har ka fito. Nuwamba katakon nan sanyi gare shi ƙwarai, ka sa safa mai kauri wadda ba ta santsi.

Sai in faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: ciki wayam yake. Babu karaga, babu kilisai, babu kayan sarauta. Na ga waɗanda suka fito suna gunaguni wai an karɓi kuɗinsu an nuna musu katako. Ai hakimin ba a nan yake kwana ba, gidansa yana ƙasa. Benen ma'ajiyar makamai ne, wurin hangen nesa, mafakar ƙarshe in an ci sauran, sannan abin da talaka zai ɗaga kai ya gani ya san akwai mai gari. Da wannan idon za ka kalle shi. Ga marataya bindigogi da masu jere a bango. Ga dakalin katako ƙarƙashin tagogin da suka yi sama, don mai harbi ya samu wurin tsayawa. Ga wasu 'yan ɗakuna a kusurwa inda mayaƙi zai ɓuya. Ga murfin da ake ɗagawa a saki duwatsu kan mai hawa katanga. A hawan ƙasa har makewayi da wurin wanke-wanke aka tanada saboda ranar da za a yi musu zobe. Kuma duk wannan shiri, ba a taɓa gwabza babban yaƙi a kanta ba, domin ana gama ta ba da daɗewa ba ƙasar ta shiga zaman lafiyar da ta kai shekara 250.

Ni da yake gini ne aikina, ginshiƙai biyun nan na tsakiya su suka tsayar da ni. Kowanne ya kusa mita 25, daga hawan ƙasa suka ratsa benaye suka tafi sama. Na yamma an canza shi a babban gyaran 1956 zuwa 1964, lokacin da aka kwance benen gaba ɗaya aka sake haɗa shi, itace biyu aka sarƙe a hawa na uku. Tsohon da aka cire yana kwance a waje ƙarƙashin rumfa kusa da wurin shiga, mutane na wuce shi ba su sani ba. Ka tsaya ka dube shi.

Daga waje rufi biyar za ka ƙirga, ciki kuwa hawa shida ne da na ƙasa. Matakalar kusan a tsaye take kamar tsanin hawa rumbu, ga katako a gicciye daidai goshi, ga leda a hannu, ga mutane a bayanka. Babu lif. Gaskiya ɗaya ce, Alhaji ba zai hau ba. Amma ba zai rasa abin yi ba. Akwai babban fili a gaba inda ake ganin fadar sosai, sannan dab da ita akwai lambun Koko-en da aka buɗe a 1992, lambuna tara ne a haɗe, shimfiɗaɗɗen wuri, da ruwa da manyan kifaye, kuma Nuwamba ne ganyayensu ke yin ja. Ana sayar da tikitin da ya haɗa biyun. Yen 1,000 na biya na shiga fadar a lokacina, amma an ƙara wa baƙi kuɗin daga baya, ka duba shafinsu kafin ka tafi.

Maganar bauta: a hawan ƙarshe akwai ɗan ƙaramin wurin bautar Shinto, addininsu na gargajiya, da suke kira Osakabe. Za ka ga wasu sun tafa hannu sun sunkuya. Babu mai ce maka ka yi, babu ma mai kallonka. Ka raɓa ka wuce taga ka kalli gari. Fadar kanta ba ɗakin bauta ba ce.

Farin nan kuma ba fenti ba ne, shafen farar ƙasa ne mai kauri, saboda wuta ita ce babbar abokiyar gabar ginin katako. Har tsakanin tayil ɗin rufi sun bi da shi, shi ya sa daga nesa rufin ma yake haske. A Yulin 1945 jiragen Amurka suka ƙone garin Himeji, ita ta tsira. Girgizar ƙasar 1995 da ta rugurguza Kobe ma ba ta kayar da ita ba. UNESCO ta sa ta cikin jerinta a 1993.

In da sauran ƙarfi a ƙafarka, ka shiga ɓangaren yamma, Nishinomaru, mai dogon barandan katako. Can Senhime ta zauna, jikar Ieyasu. Tana 'yar shekara bakwai aka aurar da ita ga ɗan Hideyoshi a Osaka, kakanta da mahaifinta suka zo suka ci garin a 1615, mijin ya kashe kansa, ita aka fito da ita daga cikin wuta, aka sake aurar da ita gidan Honda ta tare a Himeji. Ka ga ko labarin Osaka ɗin ma a nan za ka ji ƙarshensa.

Maman Khalifa, Arkilla:

Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma ka rubuta shafi guda kan katako ka sallami dattijon mutane da layi uku, wai ya je ya kalli kifi. Mutum ya taso tun daga Sakkwato, ya kwana a jirgi, a ce ya zauna a lambu yaronsa na sama? Ni na zauna a Osaka lokacin da maigidana ke karatu, kuma da surukata ta zo ganin jika fadar Osaka muka kai ta, lif ya ɗauke ta, ta ga gari, ta yi ta ba da labari har Allah ya yi mata rasuwa. Kuma ba komai ne sabo a can ba. Ganuwar dutsen da gwalalon ruwan na zamanin Tokugawa ne, akwai dutse guda a jikin katanga da ya haura tan 100, in ka tsaya gabansa sai ka rasa yadda aka kawo shi. A ciki akwai wani labulen zane na yaƙin 1615 da ke nuna har mata da yara suna gudu suna faɗawa kogi. Wannan ba tarihi ba ne? Abin da zan yarda da shi kawai, daga tasha zuwa gindin benen nan ma tafiya ce mai ɗan nisa.

Ɗana Na Mabera, ga abin da ya fi damuna. Kada ka kuskura ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Japan ba ta barin a shiga da nama kowane iri, busasshe ko ɗanye, akwai karnuka masu sunsuna kaya a filin jirgi, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3. Ka faɗa wa Alhaji da kyau, don na san dattawanmu ba sa tafiya ba guzuri. Ɗanyen goro ma kada ku yi kasada da shi.

Abinci a Himeji, ku kiyayi taliyarsu mai romo, sau da yawa ƙashin alade ne a romon. Ko kifi ne ma sukan sa wata giyar girki mai zaƙi a miyar. Abin da ya fi sauƙi ku shiga irin ƙananan shagunan nan da ba sa rufewa ku sayi dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, da dafaffen ƙwai da ayaba, ka ɗora kyamarar wayarka a kan rubutun ta fassara maka abin da aka sa. In kuna son cin mai nauyi ku bari ku koma Kobe. Kusa da masallacin Kobe akwai shagunan halal. Masallacin nan tun 1935 yake, shi ne mafi daɗewa a Japan, da ƙafa ana zuwa daga Sannomiya, can za ku riƙa Juma'a in aji ya bari.

Sallah kuwa ka tuna Nuwamba wajen ƙarfe 5 rana ke faɗuwa, in ka yi wasa La'asar ta tsere. Ku fita da alwala, ku ɗauki 'yar darduma, ku sami gefe a filin ciyawa ku yi abinku, ba mai tanka muku. Alƙibla yamma ce ta ɗan karkata arewa, saɓanin yadda muka saba. Makewayinsu akwai ruwan tsarki a jiki, ba sai kun nemi buta ba, amma kada ka ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu, suna ƙyamar haka. A cikin benen Himeji babu makewayin da baƙo zai shiga, ka gama uzurinka a ƙasa. Kwandon shara ma da wuya ka gani, ledarka za ka riƙe har masauki.

Baba Malam, Kanwuri:

Allah shi yi muku albarka baki ɗai. Ni iyakata Makka da Yamai, jikana ad da wayar, shi ka karanta mini. Abu biyu za ni ce.

Na farko, ɗana, kada wani shi ce maka ku yi ƙasaru. Wanda yay yi niyyar zaman kwana huɗu ga gari ya zama mazauni, ku kuwa makonni za ku yi Kobe. Tahiyar ƙasaru ga mazhabarmu baridi huɗu ta, mil 48 ke nan, kamar yadda shike cikin Risala. Jikana ya duba, tsakanin Kobe da Himeji bai kai kilomita 60 ba. Ku cika sallarku, kowace ga lokacinta.

Na biyu, da ana karanta mini maganar Injiniya kan ƙofofi da kafofin harbi, raina gida yad dawo. Wanga gari da muke ciki da ganuwa Muhammadu Bello yak kafa shi a 1809, anka faɗaɗa ta da Shehu yat taso daga Sifawa. Baturen nan Clapperton da yaz zo 1824 ya rubuta tsayinta ƙafa 20 zuwa 30, kuma da rana ta faɗi ake rufe ƙofofi. Yau ka tsai da yaro ka tambaye shi Ƙofar Rini, ko Ƙofar Marke, ko Ƙofar Taramniya, ko ta Aliyu Joɗi, kwatancen inda za shi hau kabu-kabu za shi ba ka. Mu da munka taso mun iske guntayen ganuwa muna hawa muna wasa. Masu gini sunka yi ta ɗiba suna kwaɓa tubali, damina ta ƙarasa sauran.

Kuma kada a ce don tamu ƙasa ce tasu dutse. Ku tahi Surame ku gani, birnin Kanta na Kabi, da dutse anka yi ganuwarsa tun ƙarni na 16, kusan zamani guda da waɗanga fadoji da kuke magana. Tun 2007 sunansa ke cikin wuraren da Najeriya tam miƙa ma UNESCO. Mutum nawa cikinku sunka taɓa taka wurin? Ga shi nan kusa, ba biza ba jirgi.

Ganuwar ƙasa aikin gayya ka riƙe ta. In kaka ta yi sarki shi yi shela, kowace unguwa ta san rabonta, a fito a yi yaɓe. Da Nasara sunka ci gari a Giginya 1903, ba wanda ke tsoron hari kuma, shela ta mutu, yaɓe ya mutu. To abin da nike so ka dubo mini, ɗana, tunda su ma yaƙin ya ƙare musu tun da daɗewa: wa ka biyan kuɗin gyara, kuma ina suke samun maginan da sunka iya aikin irin na da? Ka tambaya, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗalibi a Dundaye:

Don Allah Injiniya, na ji akwai wani baƙar fata ɗan Afirka da ya zama samurai. A wannan fadar ya zauna?

Ɗan Runjin Sambo:

Ɗalibi, Yasuke kake nufi. Ya isa Japan a 1579 tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano, Oda Nobunaga, babban sarkin yaƙinsu na lokacin, ya gan shi a 1581 ya ɗauke shi cikin yaransa. Fadar Nobunaga kuwa Azuchi ce, bakin tafkin Biwa, ita ma ta ƙone a 1582, shekarar da aka kashe shi, harsashin dutse kawai ya rage. Benen Himeji na yanzu ba a ma fara shi ba a lokacin.

Allah ya gafarta Malam, kafin Na Mabera ya dawo bari in ɗan taɓa tambayarka. Su ma fa sun rushe nasu, kuma da hannunsu. A 1615 gwamnatin Tokugawa ta yi doka kowane hakimi fada guda kawai zai riƙe, aka rushe ɗaruruwa. Da mulkin samurai ya faɗi, sabuwar gwamnatin sarki Meiji ta fitar da wata dokar a 1873, aka ba soja wasu, aka yi gwanjon wasu, mutane suka saya don katako da tayil. Kallon tsofaffin kaya suke yi musu, abin kunya a gaban Turawa. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya cinye na Nagoya da Hiroshima da wasu. A duk faɗin ƙasar manyan benaye 12 ne kawai na asali suka rage, irin su Himeji da Matsumoto da Hikone da Inuyama da Matsue. Saura duk da kake gani a hotuna sake ginawa aka yi, Nagoya a 1959, Kumamoto a 1960.

Himeji ma barikin soja aka mayar da harabarta, aka rushe gine-gine da dama, benen ya fara lalacewa. Wani kanar mai suna Nakamura Shigeto ne ya rubuta wa manyansa cewa a bar ta a gyara, aka kuwa saurare shi. Akwai dutsen tunawa da shi a ciki, kusa da ƙofar Hishi. Kuɗi yau daga gwamnatin ƙasa da ta birni da tikitin baƙi suke fitowa. Gyaran 2009 zuwa 2015 rumfar ƙarfe suka gina ta lulluɓe benen gaba ɗaya, suka sa lif a cikin rumfar, suna karɓar kuɗi mutane na hawa suna kallon masu shafe da masu jera tayil suna aiki. Farar ƙasar nan ba ta dawwama, lokaci-lokaci sai an sake ta, kuma da yake gine-gine 80 da 'yan kai ne a harabar, kusan kullum akwai inda ake taɓawa. Yaro na koyo a hannun babba saboda aikin bai taɓa yankewa ba. Yaɓen da Malam ya faɗa ne, sai dai su albashi suke biya maimakon shela.

Hajiya Maman Khalifa, na ji, kuma maganar kilishi ta fi duk abin da na rubuta amfani. Amma ina nan kan bakana. Jadawalin kwas ba ya hana fita da yamma, Osaka kuwa minti 20 da ɗoriya ce daga Sannomiya, suna haska benen da dare, filin kuma a buɗe yake, sai su je wata ranar su yi hotonsu. Asabar sukutum ta Himeji ce.

Maman Khalifa, Arkilla:

Da dare ai an rufe benen, lif ɗin da nake magana ba zai hau ba. Ku dai tambayi mai gwiwar.

Na Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, in sha Allah zan tambayo, kuma Surame ma na sa a raina in mun dawo.

Hajiya, na bi shawararki na karanta wa Alhaji duka a ofis bayan Azahar. Da na zo inda Injiniya ya ce ba zai hau ba, sai ya cire tabarau ya ce wane ne wannan yaron, shi da ya hau Dutsen Hira da ƙafarsa. Na ce Alhaji wace shekara ke nan, bai amsa ba. Ya ce Himeji za mu, zai tafi iya inda gwiwa ta yarda, in ta ƙi ya koma wurin kifin. Abin da ya fi ɓata masa rai kilishi ne, ashe har ya ba da kuɗi a yi masa na tafiya.

Saura tambaya guda, Injiniya. Jirgin nan na Shinkaisoku sai an sayi tikiti tun da wuri ne, ko ranar za mu saya a tasha? Kuma ana samun wurin zama da safe, ko tsayuwa ake yi har Himeji?